Yadda Hajiya Ta Ba Da Dantsena Jingina

Kwanakin baya an gayyace ni taron karrama mata a Funtua, na kuwa je, don ni ba na ƙin gayyata in dai an ce akwai shinkafa. Wata ƙungiya ce ta shirya, wai za a yaba wa matan da suka yi tsayin daka a garuruwansu lokacin allurar korona. Zaure ne babba na haya, an jera kujerun roba, an lulluɓe babban tebur da farin yadi har ƙasa. Na bi teburin nan da kallo daga wannan gefe zuwa wancan, huluna ne kawai ke kai da komo, ban ga ɗankwali ko ɗaya ba. Matan da za a karrama suna can baya kusa da ƙofa, inda hayaƙin janareta ke shigowa. Wasunsu ma ba su samu zama ba, don su aka roƙa su taimaka da rabon abinci.

Ciyaman ɗin kwamitin allura na garinmu ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce shi ya jagoranci shiga lungu da saƙo, ya ce ya yi kwanaki bai runtsa ba, ya ce har dawa ya shiga don ceton al'umma. Sai da la'asar ta kawo jiki aka kira matan a jere, aka miƙa wa kowacce wani katako mai rubutun Turanci, sannan aka ce su ɗan matsa gefe don mai hoto ya samu fuskar ciyaman sosai. Cikinsu har da Hajiya, taubashiyata. Ta karɓi nata, ta juya shi gaba da baya, ta tambayi ta kusa da ita ko zai yi murfin tukunya.

Ni ba a kira ni ba. Ban ce lallai a kira ni ba, tunda ni ba mace ba ne. Amma dantsen da aka yi aikin da shi nawa ne, yana nan manne a jikina, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya kasance, kafin ciyaman ya sake samun lasifika.

Ni na yi aji huɗu a elementare, zamanin da aji huɗu ke aji huɗu, kafin mahaifina ya ga gonar auduga ta fi allo buƙatata. A garinmu, nan tsakanin Funtua da Malumfashi, wannan ya isa a riƙa kiran mutum duk sa'ad da aka kafa kwamiti. Da maganar allurar ta zo aka kafa ɗaya, aka naɗa wani Alhaji dillalin hatsi ciyaman, ni kuma aka ba ni muƙamin jami'in shela, tare da lasifika mai batir. Duk ranar kasuwa sai in rataye ta in zaga, daga 'yan dawa zuwa 'yan awaki, ina faɗin abin da ciyaman ya koya mani: "Allura ce lafiyayya! Ba zafi, ba zazzaɓi, ba komai! Kamar cizon sauro, shi ma sauron ƙarami!"

Ni kaina ban yi ba a lokacin, kuma da dalili. Aiki ya yi mani yawa. In mai shela ya tafi bin layi, wa zai yi shelar layin? Sauran 'yan kwamiti su ma kowa da nasa uzurin, amma in muka keɓe abin da ake cewa shi ne a dakata tukuna a ga yadda za ta kaya da mutanen birni.

Hajiya 'yar kawuna ce, wan mahaifiyata. Ita 'yar namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna wasan ƙasa take kirana bawanta, har yau da gemuna ya yi fari fat ba ta sake mani suna ba. Ita ce shugabar matan da ke yin daddawa a garin, kuma ko makaho ya san ƙofar gidanta da hanci. Ba ta cikin kwamiti, don ciyaman ya ce kwamiti ba wurin hira ba ne. Amma ranar da malamar asibiti ta fara buɗe akwatin ƙanƙararta, Hajiya ce ta fara zama kan benci. Washegari ba a gan ta a ƙofar gida ba, na ɗauka hutun masu hali ne. Da ta fito kuwa sai ta shiga bin mata, gidan suna, gidan makoki, bakin injin niƙa, har bakin rijiya. Abin da take gaya masu ban sani ba, mu ba ma sauraron hirar mata. Na dai ga layin yana tsawo, na kuma gode wa Allah da ya ba ni murya.

Bayan dutsen da ke arewa da mu, in ka ƙetare rafi, akwai unguwar Maguzawa, gidaje manya a warwatse cikin gonaki, kowanne da rumbunansa. Daga can Hajiya ke samun kalwar da take daddawa da ita, a hannun uwargidan Sarkin Nomansu, wata tsohuwa doguwa wadda giyarta ta yi suna har wajen Danja. Su biyun ƙawaye ne tun suna amare. Da mijin Hajiya ya rasu, tsohuwar nan ta tako da ƙafarta ta zauna zaman makoki tare da ita, ta kuma aiko da dawa a kaka ba tare da an roƙa ba. Tana da fuka, in damina ta yi nisa numfashinta har busa yake. Wannan ya tsaya wa Hajiya a rai, don an ce ciwon nan irin waɗannan yake nema. Ta yi ta kai da komo har tsohuwar ta ce, "To, kawo abin naku mu gani. Amma da bakinki na yarda, ba da na gwamnati ba. In na same ki da ƙarya, ni da ke sai gaisuwar hanya."

Hajiya ta ɗauki maganar nan da nauyinta. Ta zo har gidan ciyaman ta ce a bar ta ita da malamar asibiti su je su biyu, a kan babur, ba hayaniya. Ciyaman ya ji an ce ƙila a ɗauki hoto. Saboda haka ranar tafiya sai ga mu cikin mota, kowa ya sha babbar riga mai sitaci, muna ƙamshin turare, ga ni da lasifika a cinya. Hajiya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ɗaurin aure za ku?" Lokacin huɗa ne, an sha ruwa da dare, motar ta kafe a bakin rafi, muka ƙarasa da ƙafa, kowa ya tattare rigarsa ya ɗora a kafaɗa.

An taru ƙarƙashin wata babbar ɗorawa a ƙofar gidan Sarkin Noma, maza a gefe da garemaninsu, mata a gefe da goyo. Tsohuwar ta fito da ruwa a ƙwarya. Ta san mu musulmi ne, ruwa ne zalla, ƙwaryar ma sabuwa. Amma kafin ta miƙa wa ciyaman sai ta kai bakinta ta kurɓa, ta haɗiye a gabanmu, sannan ta miƙa. Haka suke yi. Mai giya ba ta miƙa wa mutum ƙoƙo sai ta fara sha, mai magani ba ya ba ka sai ya lasa. Wanda ya kawo abu shi ke fara sa shi a cikinsa, kowa na kallo. Na san wannan tun ina yaro, ciyaman ma ya sani, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa abin zai hau kan allura.

Na yi shelata, har da sauron. Ciyaman ya yi jawabi. Malama ta buɗe akwati. Tsohuwar ta jira har aka yi shiru, sannan ta ce, "Mun ji. To, wa zai fara a cikinku?"

Ciyaman ya yi murmushi ya ce, "Ai Inna, mu duk mun yi tuni."

"A ina?"

"A gari."

"Ba mu gani ba."

"Akwai kati."

"Katin ne aka soka, ko kai?"

Matan suka kwashe da dariya. Tsohuwar ta ce ba damuwa, tunda ya saba, ya sake yi a nan. Ciyaman ya juya wajen malama da sauri, ita kuwa ta ce gaskiya wanda ya yi kwanan nan ba a sake yi mashi sai lokaci ya cika. Ban taɓa ganin mutum ya ƙaunaci dokar asibiti kamar yadda ciyaman ya ƙaunace ta a ranar ba. Sauran 'yan kwamiti nan take kowa ya tuna shi ma ya yi, wani har yana shafa wurin, a hannun da ba a nan ake yi ba.

Matsalar ita ce Hajiya, wadda ta yi da gaske, ita ma dokar ta hau kanta. Na ga fuskarta ta sauya. Maza sun fara saɓa garemani, wata mata ta juya goyonta ta kama hanya. Tsohuwar ta ce, "Ƙawa, kin kawo mani abin da ba mai ɗanɗanawa?"

Sai Hajiya ta juyo ta dube ni. Na san kallon nan, tun ranar da ta tura ni kan bishiyar kanya mai zuma na san shi.

"Bawana bai yi ba," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, wa ya gaya maki?"

"Matarka."

"Ai ba komai take sani ba."

"Ta san ka ɓuya bayan rumbu ranar da malama ta biyo unguwarku." Ta juya wajen tsohuwar. "Wannan ɗan gwaggona ne, jinina ne. In an soke shi ni aka soka. Ya yi maki?"

Tsohuwar ta auna ni da ido daga hula har takalmi, kamar rago a kasuwa, ta ce, "Ya ɗan tsufa. Amma ya yi."

Ina so a rubuta a tarihi cewa ban gudu ba. Rafi na baya, Hajiya na gaba, ga takalmina sau ciki. Sai dai wanda ya ƙirƙiro allurar nan bai yi shawara da mai babbar riga ba. A can saman dantse ake yi. Na tuɓe babbar riga na miƙa wa ciyaman. Hannun 'yar cikin ya ƙi naɗuwa ya wuce gwiwar hannu, telan ya matse shi irin na zamani. Na tuɓe ita ma. Saura singileti, wadda ni da ita mun daɗe tare, kuma ba a yi ta don idon jama'a ba. Wata mata ta ce ashe mutanen gari ma suna da rariya. Wata ta ce a'a, tagogi ne, don iska. Ni dai na kafa idona kan reshen ɗorawa ina karanta abin da ya sawwaƙa. Kafin in kai ƙarshe malama ta ce an gama. Gaskiya sokin ba wani abu ba ne, a nan kam shelata ba ta yi ƙarya ba.

Na miƙe ina neman rigata, ina tsammanin yanzu layi zai kama. Tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Giya kafin rana ta faɗi ake ganin aikinta. Wannan kuwa jini ta shiga. Ku bar mana shi zuwa jibi mu ga yadda zai yi."

Na ce ina da iyali. Na ce ina da shela ranar kasuwa. Hajiya ta ce, "Na bar maku shi. In ya mutu ku aiko, ina da wasu bayin." Da za ta tafi ta matso ta ce mani ƙasa-ƙasa, "Ka zauna, ka ci, ka kwanta. Kada ka yi masu wayon nan naka na 'yan boko." Ciyaman shi ma ya jawo ni gefe, yana miƙo mani rigata da ya bari ta ja taɓo. Ya ce, "Malam, mutuncin kwamiti na hannunka. Mun ce ba zafi, ba zazzaɓi. Ko me ka ji, ka ce garau." To, ga umurni biyu, ɗaya daga shugaba zaɓaɓɓe, ɗaya daga mai daddawa. Duk wanda ya san tsarin mulki ya san wanda ake bi.

Ba zan ci amanar mutanen nan ba, sun riƙe ni da kyau. Akwai ɗakin da suke sauke baƙi musulmi, da butarsa da buzunsa da tukunyarsa daban. Sarkin Noma da kansa ya kawo mani zakara da wuƙa ya ce, "Malam, yanka da hannunka, kada ka ce mun ba ka mushe." Na yanka, aka yi mani miya wadda har yau in na tuna sai na haɗiyi yawu. Abin da ya rage daɗin shi ne kallo. Ina cin tuwo ana leƙe, ina alwala ana leƙe. Wata ta zo da cokali ta manna mani a dantse ta saki, wai ta ji a kasuwa cewa wanda aka yi wa yana kama ƙarfe. Cokalin ya faɗi. Ta tafi ta kawo ludayi na ƙarfe, shi ma ya faɗi, ta koma ranta a ɓace kamar na cuce ta.

Da gari ya waye na ji kamar an ɗaura mani turmi a kafaɗar hagu. Kaina na sara, haƙorana na haɗuwa, ga sanyi ga zufa lokaci guda. Na yi sallar asuba a zaune. Na ce a raina, yau ce ranar da ake gane namiji. Na wanke fuska, na sa hula, na fito ina fito da baki.

Tsohuwar na zaune a bakin murhu. Ta ce, "Malam, jikin?"

"Garau."

"Ba ka jin sanyi?"

"Sanyin me? Zafi ma nake ji, na lafiya."

"Hannun fa?"

Na ɗaga shi sama na wulwula har sau biyu. Taurari suka gilma mani, amma ban ko yamutsa fuska ba. Ta dube ni ta daɗe. Na ɗauka mamaki ne.

Ranar kuwa gayya ake yi a gonar Sarkin Noma, an zo da mai ganga. Ba wanda ya ce in je, sun ma shimfiɗa mani tabarma a inuwa. Amma na ga in na kwanta za a ce allura ce ta kayar da ni. Na naɗe wando na ce a ba ni garma. Rabona da huɗa da hannu tun kafin in aurar da ɗiyata ta fari, shanu nake haya. Na shiga layi tsakanin samari biyu masu ƙirji kamar ƙyauren ƙofa, mai ganga ya ga baƙo ya biyo ni yana zuga ni. Duk garmar da na kafa sai na ji ta har cikin ƙwaƙwalwata. Dawar nan ta riƙa juya mani, ƙasa na tasowa tana gaishe ni. In na ji zan faɗi sai in tsaya in yi kamar ina duba kaifin garmar, in yi tsaki, in ce ba irin tamu ba ce. Sau ɗaya na zaga bayan wani suri na mayar da kunun safe, na rufe da ƙasa, na fito ina waƙa.

Da mata suka kawo abincin rana tsohuwar ta sake tsayawa kaina. "Malam, har yanzu garau?"

Na ce, "Inna, in da za a ƙara mani wata allurar, da na gama maku gonar nan ni kaɗai."

Ta juya ta tafi. Na ga ta tara matan a gindin bishiya suna magana, suna waiwayena. Na ƙara ƙaimi. Da yamma aka kawo mani tuwo, amma ba nama, ba kuma wanda ya zo leƙe. Na ce to, sun gamsu, an daina binciken. Na kwanta ina jin daɗin cewa na ceci kwamiti, na ceci Hajiya, na ceci ƙaramar hukuma baki ɗaya.

Safiyar alkawari zazzaɓin ya sauka, saura ciwon jiki da dantsen. Da hantsi sai ga Hajiya da malama a kan babura, da akwatin ƙanƙara. Kwamiti bai zo ba, an ce mai hoton ba shi da lafiya. Ƙarƙashin ɗorawar nan ba kowa, sai awaki. Tsohuwar na zaune a ƙofar gida tana ɓarzar kalwa, ba ta tashi ba, ba ta sa a kawo tabarma ba, ba ruwa. Hajiya ta yi sallama ta gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, irin amsar da ake yi wa mai tallan da ba a saye.

"Ƙawa, lafiya? Ina mutanen?"

"Suna gona."

"Ba yau muka yi ba?"

"Yau muka yi." Ta ajiye abin hannunta. "Me kika gaya mani a kasuwa? Kin ce hannu zai yi nauyi. Kin ce jiki zai yi zafi kwana guda, mutum ya kwanta, sannan ya tashi. Kin ce ke ma haka ta yi maki. Haka kika ce ko ba haka ba?"

"Haka na ce."

"To, ga naki nan. Jiya ya yini yana huɗa, yana waƙa, yana neman ƙari. Tsoho kamar wannan. Ko dai ƙarya kika yi mani, ko kuwa ruwa aka ɗura mashi don mu gani mu yarda, tamu kuma tana can ƙasan akwati daban. Zaɓi ɗaya."

Malama ta fara rantsuwa cewa kwalba iri ɗaya ce, kuma ba kowa take kayarwa ba. Tsohuwar ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, "Ba da ke na yi magana ba, 'yata. Da wannan na yi." Idonta na kan Hajiya. Hajiya ta tsaya da mayafinta a hannu, mace da ke tsawata wa dillalan kasuwa su yi tsit.

Na ga lokaci ya yi da zan sa baki a matsayina na jami'i. Na gyara murya na ce, "Inna, a gaskiya jiya na ɗan ji wani abu kaɗan."

"Yanzu kuma? Jiya garau, yau wani abu kaɗan. Gobe me za ka ji?" Ta taɓa goshina da bayan hannu. Sanyi ƙalau. Zazzaɓin da ya yini yana gasa ni, yanzu da nake nemansa ya yi tafiyarsa. Na ce na yi amai bayan suri, a zo in nuna wurin. Ta ce kaji sun riga mu.

Hajiya ta tako a hankali har gabana. Muryarta a sanyaye, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Bawana."

"Na'am, Hajiya."

"Me na ce maka da zan tafi?"

"Kin ce in ci."

"Wane hannu ne ma?"

Kafin in ja da baya ta cafki dantsen hagu, daidai wurin, da yatsun nan nata da suka shekara suna murza kalwa, ta matsa. Ni ban san ina da irin wannan muryar ba, da na sani da ban taɓa karɓar lasifika ba. Awakin suka watse. Kare ya yi haushi daga cikin gida. Mutanen da aka ce suna gona sai ga su suna fitowa daga bayan danga, ashe duk suna nan laɓe. Na durƙusa ina kiran sunan mahaifiyata, hawaye na bin gemuna.

Tsohuwar ta taso. Ta sa aka zame mani riga, ta duba wurin, ya kumbura ya yi ja, da ɗumi. Ta sa babban yatsa ta danna da kanta. Na sake yi mata irin na farko, har da ƙari. Sarkin Noma, wanda tun zuwana bai yi doguwar magana ba, ya ce, "Ni dai na ga kunyoyin da ya yi jiya, kamar sawun maciji. Na ɗauka haka ake koya masu a makaranta."

"To, me ya sa ka ce garau?" in ji tsohuwar.

Na ce umurnin kwamiti ne, kuma ni mutum ne mai bin doka.

Ta dubi Hajiya, Hajiya ta dube ta. Tsohuwar ce ta fara dariya, dariyar ta zame mata tari, fukar ta taso, Hajiya ta riƙe ta tana bubbuga mata baya tana cewa, "Kin gani? Wannan tarin nake tsoro, ƙawa, ba don gwamnati nake yi ba." Da numfashin ya daidaita tsohuwar ta ce a kawo tabarma, a kawo ruwa. Ta zauna kan turmi ta zame zanenta daga kafaɗa, ba wata wahalar tuɓe-tuɓe, ta ce wa malama, "Zo, 'yata. Irin tasa nake so, mai ciwon."

Na ɗauka wahalata ta ƙare ke nan. Amma matar da ke bayanta a layi ta ce ita ba ta gani da kyau ba, tana can nesa. Ta zo ta danna. Ta bayanta ta ce ai ba za a bar ta a baya ba. Kafin ka ce me, abin ya zama tsari: a biyo ta wajena a danna, in yi ƙara, a gyaɗa kai, a wuce wajen malama. Na kai ƙara ga Hajiya, ta ce in yi haƙuri, aikin al'umma ne. Da na ga muryata na neman ƙarewa na gwada yin shiru wa wata, sai ta tsaya ta ce ita fa ba ta ji komai ba, a sake. Mazan da suka zo daga baya ba su ce za su danna ba, Allah ya saka masu, don da hannun huɗa suka zo.

Rana ta take tsaka kafin malama ta rufe akwati. Ina zaune gindin ɗorawa na rungume hannuna kamar jariri, na ji tsohuwar na ce wa Hajiya gobe kada ta zo dubiya, ta san za ta kwanta, an riga an gaya mata. Ta ce ranar kasuwa in ta tashi za ta aiko da kalwa, ta ware mata mai kyau tun bazara. Suka tafi tare har bakin rafi suna hira, hannun ɗaya a kafaɗar ɗaya. Sai da suka kai can Hajiya ta tuna da ni, ta waiwayo ta ɗaga murya ta ce in taho da akwatin malama, da hannun dama.